Takardar da Ke Ƙarƙashin Tabarmar Yaya Buba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayanku Usman, shekara shida kuma da ƙafarku ta ɗauke daga gidan wana, Yaya Buba, a Roni. Kun ce shi ya tona sirrin aikin Usman ya jawo masa asarar da ya yi. Na sha jin kuna faɗa a tsakar gida da wajen suna, ban taɓa tanka muku ba. Yanzu ido ya fara raguwa, hannu ya fara rawa, saboda haka zan rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, ba zan iya bayanin aikinsa kamar yadda shi yake yi ba. Abin da na gane zan faɗa, wanda ban gane ba zan ce ban gane ba.

Kun san Usman ne ɗan farina, amma ba ku san nauyin wannan a wurin mutanen zamaninmu ba. Mu tashin ruga ne a ƙasar Gwiwa. A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Da aka yaye shi, mahaifinmu ya ce a kai shi wurin Yaya Buba, wanda a lokacin ya shekara bakwai da aure bai samu haihuwa ba. Ba a tambaye ni ba, kuma da an tambaye ni kunya ba za ta bar ni in ce a'a ba. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta shiga ɗaki ranar ta ce kanta ke ciwo. Ni na ɗaure ƙunshin kayansa a bayan keke na bi su har Roni, na ajiye, na sha ruwa, na juyo. Daga nan ya tashi yana ce wa Yaya Baba, ni kuma yana ce mini Baffa. Ba wanda ya ga wani abu a ciki, domin haka ake yi.

Yaya malamin dabbobi ne, ya yi makaranta, yana da kwarjini, daga baya ya zama sakataren ƙungiyar makiyayan yankinmu. Ni awo nake yi a kasuwar hatsi ta Babura, daga buhu sai tiya, sai ciniki da mutanen Nijar. Shi ya sa Usman a makaranta, shi ya kai shi Kazaure, shi ya raka shi Kano ranar da ya shiga jami'a. Ban taɓa ganin ya gaza masa a komai ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai, domin da ya gaza ko sau ɗaya ne da na samu abin riƙewa. Idan Usman ya zo gida Roni yake fara sauka, ya kwana biyu, ran na uku ya leƙo Babura da hantsi ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri kamar yadda aka koya mini, kafin la'asar ya koma. Ana cewa kishi kumallon mata ne. Ni na san na maza, shi ba a amayar da shi, a ciki yake zama.

Abin ya faru ne washegarin babbar Sallah. Mun taru a Roni kamar kowace shekara, mata suna suyar nama a cikin gida, ni da Yaya muna zaune a zaure bayan la'asar. Usman ya shigo da wani ɗan littafi a hannu, ya durƙusa.

"Baba, ina son magana da kai."

Yaya ya ce, "To faɗi mana, ai Baffanka ne."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Maganar ƙungiya ce, Baba."

Na tashi na ce bari in duba fatar ragon da aka shanya. Na fita ta ƙofar cikin gida, amma ban je wajen fata ba. Na tsaya a jikin bango inda zana ta kare ni, mutum mai furfura a gemu, ina sauraron maganar ɗana kamar ɓarawo.

Abin da na ji shi ne wannan. Akwai wata manhaja ta waya da 'yan ƙungiyar ke aika wa juna saƙo da ita, an ce musu saƙon a kulle yake tafiya, daga mai aikawa sai wanda aka aika wa. Da ita suke ba da labarin ɓarayin shanu, har da sunayen waɗanda suka ga inda aka bi da garke. Usman ya ce masu manhajar ba su ne suka ƙera kwaɗon da ke kulle saƙon ba, aro suka yi. Wasu masana ne suka ƙera shi suka bar wa kowa kyauta, manhajoji da yawa a duniya da shi suke aiki. Shi kuma yana cikin 'yan mutanen da aka amince wa su riƙa duba ƙirar. A wajen dubawa ya gano ɓaraka. Mabuɗin da ya kamata ya canza da kowane saƙo, a wani hali yakan maimaita kansa, wanda ya tara saƙonni ya lura da hakan zai iya yanka nasa mabuɗin ya buɗe na kowa.

Yaya ya ce, "To ai sai a sa shela mutane su daina."

Usman ya ce, "Shela ɓarawo ne ke fara jin ta, Baba. Ƙa'idarmu ita ce a gaya wa maƙeran a ɓoye, a ba su wata uku su gyara, kowa ya samu sabon kwaɗo, sannan a faɗa wa duniya. Na yi musu alkawarin ba zan buɗe baki ba. Kai ma ba don sunayen mutane da kuke aikawa ba, da ban gaya maka ba."

Yaya mutum ne da ba ya karɓar magana sai ya ga hujja. Na ji ƙarar yage takarda, na ji Usman yana zana masa yana bayani, wannan waya ce, wannan waya ce, ga inda mabuɗi ke maimaituwa. Ya ce a daina sa suna a saƙo har sai ya ba da izini, kada a faɗi dalili, kuma a ƙone takardar. Sai ga sallamar baƙi masu yawon Sallah. Ta ƙasan zana na hango hannun Yaya ya tura takardar ƙarƙashin tabarma.

Dalilin Usman a fili yake, na ji shi da kunnena. Amma ba shi ya shiga zuciyata ba. Abin da ya shiga shi ne an ce in tashi, na tashi. Da aka tafi sallar magariba na yi jinkirin alwala, na ɗaga tabarmar na ɗauki takardar na sa a aljihu. Ba ni da niyyar yin komai da ita. Ina son in riƙe wani abu nasa wanda ba ta hannun Yaya ya iso mini ba. Da na isa Babura na buɗe ta, gefe ɗaya zane ne da Hausa, ɗaya gefen kuma ƙananan rubutu ne da Turanci da lambobi, nasa na aiki. A gefen Turancin ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Na yi ta kallon yadda yake karkatar da baƙaƙensa, na ga ba irin nawa ba ne, irin na Yaya ne.

Ranar kasuwa muna zaune a rumfa bayan ciniki ya lafa, mu biyar ko shida. A cikinmu akwai Malam Sabo, ma'aikaci ne, mai barkwanci, kullum wayarsa a hannu. Aka shiga hirar yaran da suka yi karatu, wani ya ce ai a yankin nan babu kamar ɗan Alhaji Buba na Roni.

Malam Sabo ya ce, "Ku yi a hankali, ga mai shi nan zaune."

Wani ya ce, "Wane mai shi? Zabuwa ta yi ƙwai, kaza ta kwanta a kai. In sun ƙyanƙyashe wa suke bi?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Malam Sabo ya dafa gwiwata.

"Tsakani da Allah, Malam Haruna, ka ma san aikin da yaron nan yake yi? Ko sai an tambayo maka a Roni?"

Da na bi tarbiyyar da aka yi mini, da na ce ban san wanda suke magana ba, a yi dariya a wuce. Shekara talatin ina yin haka. Ranar na sa hannu a aljihu. Na ce yaron da kuke gani shi ya gano ɓaraka a kwaɗon da Turawa suka ƙera, duk wayoyinku a buɗe suke, ga shi da rubutun hannunsa ya ba ni in ajiye. Ya ba ni, haka na ce. Malam Sabo ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan ai abin alfahari ne ga Jigawa baki ɗaya, ya ɗauki hoton gefen biyu. Na ga yana ɗauka, ban hana shi ba. A lokacin ji nake kamar an naɗa mini rawani.

Kwana uku bayan nan Malam Sabo ya zo har gida, ya tsaya a ƙofa bai yarda ya zauna ba. Ya ce hoton da ya sa a shafinsa na intanet ya fita daga hannunsa, ya goge amma wasu sun kwafa, har an kai shi inda masana ke taruwa, an karanta gefen Turancin. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa saboda aikinsa. Na ce ba zan ambata ba, ban gaya masa cewa ni na fi shi bukatar shirun ba. Hoton ya bi hannu da yawa har ba wanda ya san inda ya faro. Takardar kuwa na sa ta a murhu da kaina.

Sauran labarin daga baya na tsinta, kaɗan a bakin Rukayya, matar Usman, kaɗan a bakinsa. Maƙeran sun yi gyara cikin gaggawa, amma akwai kwanakin da ɓarakar take a fili ga duk mai son shiga, gyaran bai kai ga kowa ba. Na taɓa tambayarsa ko wani ya cutu a kwanakin nan. Ya ce ba za a taɓa sani ba, Baffa, wanda ya buɗe saƙo ba ya barin sawu. Shi kuwa rubutun hannunsa ne, ba abin musu. Suka cire shi daga cikin waɗanda aka amince wa. Aikin da ake shirin ba shi a ƙasar waje ya tsaya. Ya ce a sana'arsu ana yafe wa wanda ya kasa gano ɓaraka, amma ba a sake ba da amana ga wanda ya gano ya kasa riƙe bakinsa.

Ya je Roni ya tambayi Yaya ina takardar. Matar Yaya ce ta ba mahaifiyarku labarin, ita kuma ta ba ni muna cin tuwo. Ta ce Yaya ya ce masa, "Ta ɓace a hannuna. Laifina ne." Bai ƙara komai ba. Usman ya ɗauka Yaya ya nuna wa 'yan ƙungiya ne don su yarda da shi, tunda ya san halinsa na son hujja. Bai ɗaga masa murya ba, ba tarbiyyarsa ba ce. Ya yi sallama ya shiga mota.

Mahaifiyarku ta dube ni ta ce, "Malam, ka ji Yaya da girmansa?"

Na ce, "Kowa da ranarsa." Na ci gaba da cin tuwo.

Ga wurin da ya fi mini wuyar rubutawa. Da ƙaramar Sallah ta zagayo, Usman Babura ya fara sauka. Ya kwana a ɗakin zaure, shi da Rukayya da yara suka cika gidan. Da safe ya biyo ni kasuwa ya zauna a rumfa yana kallon yadda nake awo, ya ce in koya masa yadda ake tsayar da tozon tiya. 'Yan rumfa suka ga zabuwa da ɗanta. Roni sai ran na uku ya leƙa da hantsi, kafin la'asar ya dawo. Na san abin da Yaya yake ji a ranar, domin babu wanda ya fi ni sani. Kuma na ji daɗi. Ba zan ce muku ina kwana ina kuka ba. Nadama tana zuwa jefi-jefi, amma daɗin ya fi ta yawa. Shekara biyu muka yi a haka. Sau da yawa na shirya zan gaya masa, sai in ce bari wannan zuwan ya wuce.

Wata rana muna dawowa daga gona, yana riƙe da fartanyata, ya ce mini, "Baffa, ni da na san haka kake da tun da wurinka nake kawo maganata. Kai ba ka da surutu."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Iyakar abin da na ce ke nan. Wannan ce damar da ta fi kowace, na bar ta ta wuce. Bayan wata biyu aka kira ni aka ce motar da ya shiga ta yi hatsari a hanyar Kano.

Rukayya ta ce a Babura za a yi zaman makoki, ba wanda ya ja da ita. Mutane suka riƙa zuwa suna durƙusawa a gabana suna yi mini ta'aziyya, ni ne uban mamaci. Yaya, wanda ya yi jinyarsa lokacin ƙyanda, ya kai shi makaranta a bayan babur, yana zaune a ƙarshen tabarma kamar maƙwabci, wasu ma sai sun tashi tafiya suke tuna su miƙa masa hannu. Bayan sadakar uku na raka shi tasha. Muka tsaya a inuwar wata bishiyar maina muna jiran mota ta cika. Na ce, Yaya, akwai maganar da zan gaya maka.

Ya ce, "Ta takarda ce? Bar ta, Haruna."

Na juyo na dube shi.

Ya ce, "Zanar nan ba ta kai ƙasa ba. Na ga ƙafarka tun muna magana."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

Ya dubi motar, ya gyara hularsa. Ya ce, "Ni na samu shekara talatin da shi, ba da ka so ba. Na ce ka samu abin da ya rage. Ban san biyu ce ta rage ba."

Kwandasta ya kira Kazaure, Roni, Yaya ya shiga ya zauna a gefen taga, bai waiwayo ba. Ya kamata in ce muku kunya ce ta rufe ni a wurin, kuma ta rufe ni. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinta da na gane sarai. Na tsaya a tashar ina jin haushinsa, domin ko a wannan ma ya fi ni zama uba. Na nemi gafarar Allah a kan haka sau da yawa, har yau bai fita duka ba.

Ya ce in bar maganar, ni kuma na fake da cewarsa shekara huɗu. Amma don Usman ya yi shirun, Usman kuwa ya tafi. Waɗanda shirun ke cuta yanzu suna da rai. Yaya ya tsufa, idonsa ya fi nawa lalacewa, matarsa ta rasu ba ku je gaisuwa ba sai mutum biyu. 'Ya'yan Usman uku ba su san hanyar gidan da ubansu ya girma ba, domin Rukayya ta rantse ba za su taka shi ba, ni kuma ina zaune ina jin ta, tana kawo mini su kowace Juma'a suna hawa jikina suna ce mini Kaka.

Rukayya, ke ce za a fara ba wa wannan, kafin 'ya'yana. Ban rubuta don ki yafe mini ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Idan kin ga ba za ki sake kawo mini yaran ba, ba zan aika a yi miki magana ba, kuma kada wani a cikin 'ya'yana ya je miki da roƙo. Abu ɗaya nake nema. Juma'ar nan kada ki sauka a Babura. Ki wuce da su Roni, ki sa babban ya durƙusa a gaban Yaya ya faɗi sunansa da sunan ubansa da ƙarfi, domin tsohon ba zai gan su ba, sai dai ya shafa kawunansu.